Danmak da 'Yan Fashin Tekun Gobe: Kamun Ba Wuya, Ina Za a Kai Su?

Ƙasar Danmak ba ta da girma a taswira. Mutanenta kusan miliyan 6 ne, tsibiranta sun haura 400, kuma duk inda mutum ya tsaya a cikinta, tsakaninsa da bakin teku bai wuce kilomita 52 ba. Amma a kan ruwa ƙasaitacciya ce. Kamfanin Maersk, wanda A.P. Møller da mahaifinsa suka kafa a garin Svendborg a 1904, yana tafiyar da jiragen kwantena kimanin 700, kuma shi ne kan gaba a duniya har farkon 2022 da kamfanin MSC ya sha gabansa. Ga kuma DFDS da Norden da Torm, waɗanda duk sun girme shi. Tunda kimanin kashi 80 cikin 100 na nauyin hajar duniya ta teku yake bi, duk inda aka tare hanya a ruwa, a gaɓar Somaliya ne ko a mashigin Gini, sai an ji a jika a birnin Kopenhagen.

Saboda haka tambayar ta dace da Danmak fiye da yawancin ƙasashe: nan da shekara goma, wane irin ɗan fashi za ta tarar a teku, kuma da me za ta tare shi? Mutane da yawa, da an ambaci fashin teku, hankalinsu kan bindiga da jiragen yaƙi yake tafiya. Abin da tarihin Danmak ya nuna ya sha bamban. Ba ta taɓa rasa ƙarfin kama ɗan fashi ba. Inda take tuntuɓe kullum shi ne bayan kamun: wace kotu, wace doka, wace ƙasa ce za ta karɓe shi. Maharan da ke tafe kuwa ta wannan kafar suke shigowa.

Jikokin mahara

Kafin Danmak ta fara kuka da 'yan fashi, da ita ake kuka. Daga ƙarshen ƙarni na 8, mayaƙan ruwa na Danmak da Norwe, waɗanda tarihi ya sani da sunan Baikin, sun addabi gaɓar Ingila da ta Faransa. Harin da aka kai gidan ibadar Lindisfarne a 793 shi ake ɗauka a matsayin mafarin zamaninsu. Da Ingila ta gaji da faɗa, sai ta koma sayen zaman lafiya. A 991 ta auna musu azurfa fam 10,000, a 1002 suka ce sai 24,000, a 1012 abin ya kai 48,000, kamar yadda marubutan Ingila na zamanin suka ajiye. Biyan bai kori kowa ba. A 1016 Knud, ɗan sarkin Danmak, ya haye gadon sarautar Ingila ɗungurungum.

A 1429 Sarki Erik ya ɓullo da dabarar da ta fi hari riba. Mashigin Øresund shi ne ƙofar Tekun Baltik, faɗinsa a daidai garin Helsingør kimanin kilomita 4 ne, kuma a lokacin gaɓoɓin biyu duk a hannun Danmak suke. Sai ya kafa doka cewa duk jirgin baƙi da zai wuce ya tsaya ya biya, ga igwa daga kan ganuwa tana kallonsa. Haka aka yi ta karɓa fiye da shekara 400, har zuwa 1857 da aka soke harajin bisa yarjejeniyar Kopenhagen, wadda ta wajabta wa Danmak ta bar jiragen kasuwa su wuce ba tsaiko. A lura da wannan yarjejeniya, domin har yau ita ce ta ɗaure mata hannu.

Ita ma ta ɗanɗana kuɗarta. A 1627 mahara daga Aljiyas da Sale suka dira Aisilan, wadda ke ƙarƙashin sarkin Danmak, suka kwashe mutum kusan 400 suka sayar. A 1715 aka buɗe asusu a Kopenhagen don fansar matuƙan da aka kama a Arewacin Afirka, ana yankar wani abu daga albashin ma'aikatan jirage ana zubawa. A 1746 Danmak ta amince ta riƙa biyan Aljiyas don a ƙyale jiragenta. Da aka nemi ƙari ta ƙi, ta tura jiragen yaƙi a 1770 suka yi wa birnin ruwan wuta, abin bai yi nasara ba, ta koma biya. A daidai wannan zamani kuma jiragenta suna lodin bayi daga ganuwar Christiansborg da ke Osu, cikin Akara ta yau, har sai da suka tsallakar da 'yan Afirka kimanin 100,000. Bayan Birtaniya ta ƙwace mata rundunar ruwa a 1807, sarki da kansa ya riƙa raba wa masu jirage takardar izinin tare jiragen Birtaniya su kwashe ganima. Sai a 1856, a taron Paris, manyan ƙasashe suka haramta irin wannan izini.

Ke nan Danmak ta gwada kowace hanya. Ta yi hari, ta karɓi kuɗin hanya, ta biya fansa, ta yi yaƙi. Abin da ya kawo ƙarshen harajin mashigi da izinin kwasar ganima yarjejeniya ce da ƙasashe suka sa wa hannu, kuma suka tsaya a kanta.

Darasin Somaliya

Bayan faɗuwar gwamnatin Siad Barre a 1991, gaɓar Somaliya, wadda ta haura kilomita 3,000, ta zama ba mai tsaro. Manyan jiragen kamun kifi na ƙasashen waje suka shiga suna kwasa yadda suka ga dama, masunta suka ɗauki makami, daga baya masu jari suka gane cewa matuƙi ya fi kifi tsada. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A 2007 aka kama jirgin Danmak mai suna Danica White da ma'aikatansa biyar, suka yi kwana 83 a hannu. A 2009 aka hau Maersk Alabama, labarin da daga baya aka mayar fim. A Janairun 2011 aka sace ma'aikatan jirgin Leopard su shida, 'yan Danmak biyu da 'yan Filifin huɗu, aka kai su tudu, ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai bayan kwana 838. A 2011 kaɗai, hukumar IMB mai ƙididdigar fashin teku ta lissafa hare-hare 237 da aka jingina wa 'yan Somaliya.

Abin da ya fi koya wa Danmak hankali ya faru ne a Satumbar 2008. Jirgin yaƙinta Absalon ya kama mutum goma da makamai da tsani. Aka riƙe su kwana shida ana ta shawara a Kopenhagen, a ƙarshe aka sauke su a bakin ruwan Somaliya, aka juya. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa damar kama ɗan fashi a tsakiyar teku ta kuma hukunta shi. Dama ta bayar, ba ta tilasta wa kowa ba. Kafin a hukunta mutum a Kopenhagen sai dokar cikin gida ta tanadi laifin, sai an kawo shaidu, alhali matuƙan da aka kai wa harin sun riga sun watse zuwa Manila ko Mumbai. Idan an kawo shi ya gama zaman kaso, yana iya neman mafaka. Miƙa shi ga ƙasar da ake fargabar za ta kashe shi ko ta azabtar da shi kuwa, dokokin Turai sun hana.

Fashin Somaliya ya lafa daga 2012 saboda abubuwa da dama da suka haɗu. Rundunonin NATO da na Tarayyar Turai da na wasu ƙasashe sun shata hanya guda a mashigin Aden, jirage suna bi rukuni-rukuni da rakiya, kamar yadda fataken da suke haɗa ayari a bayan madugu kafin su keta dajin da ake tare hanya. Jirage suka kewaye jikinsu da waya mai kaifi, suka ƙara gudu, suka gina ɗaki mai ƙofar ƙarfe inda ma'aikata za su kulle kansu. Aka fara ɗaukar masu gadi da bindiga, Danmak ma ta sassauta dokarta a kan haka a 2012. Sai kuma aikin da ba a cika ambata ba. A cikin ƙungiyar ƙasashen da aka kafa a 2009 don tunkarar matsalar, Danmak ce ta shugabanci kwamitin shari'a. Ta wannan hanya aka daidaita yadda za a riƙa miƙa waɗanda aka kama ga kotunan Kenya da tsibiran Seshel, aka horar da alƙalai, aka gina gidajen yari a Puntland da Somaliland. Da matashi ya ga cewa kamun yana nufin shekaru a kurkuku, lissafin sana'ar ya canza.

Mashigin Gini: bindiga ta je, kotu ba ta bi ta ba

Da Somaliya ta yi sanyi, sai wutar ta koma Afirka ta Yamma. A 2020 an sace ma'aikatan jirage 135 a duniya, 130 daga cikinsu a mashigin Gini. Salon nan dabam ne. Ba a riƙe jirgi, sai a kwashe kyaftin da manyan ma'aikata a shiga da su surƙuƙin yankin Neja Delta har a biya. A kowace rana akwai jiragen kamfanonin Danmak tsakanin 30 zuwa 40 a wannan ruwa, kuma reshen Maersk mai kula da tashoshi, APM Terminals, yana aiki a Apapa da Onne da Tema. Kuɗin inshora da na rakiya da ake ɗora wa jirgi ba a aljihun kamfani yake tsayawa ba. Yana bin kwantena daga Legas ko Kwatano ko Lome har kasuwannin Kano da Maraɗi.

Masu jirage suka matsa, gwamnati ta tura jirgin yaƙi Esbern Snare. Ranar 24 ga Nuwamba, 2021, jirginsa mai saukar ungulu ya hango wani kwale-kwale mai gudu ɗauke da tsani a kudancin Najeriya, a wajen ruwan ƙasar. Aka yi musayar wuta, aka kashe huɗu, aka kama huɗu. Daga nan sai abin da ya faru a 2008 ya maimaita kansa. Danmak ta aika jirgi ba tare da ta ƙulla yarjejeniyar miƙa fursuna da ko ƙasa ɗaya a yankin ba, kuma ba wadda ta karɓa. Bayan makonni shida aka saka uku a ƙaramin jirgi da abinci da mai aka sallame su. Na huɗun, wanda aka yanke wa ƙafa sakamakon harbi, ba yadda za a yi a sake shi a ruwa, sai aka kai shi Kopenhagen. A 2022 kotu ta same shi da laifin jefa rayukan sojoji cikin haɗari, amma ba ta ɗora masa hukunci ba saboda halin da yake ciki, daga baya kuma ya samu izinin zama a ƙasar. 'Yan siyasa suka yi ta cacar baki. A Fabrairun 2022, da Rasha ta ja daga a kan iyakar Yukren, aka kira jirgin gida tun wa'adinsa bai cika ba.

Sace-sacen sun ragu ƙwarai bayan 2021, kuma babban rabo na yabon na ƙasashen yankin ne. Najeriya ta yi dokar yaƙi da fashin teku a 2019, ta ƙaddamar da shirin Deep Blue na dala miliyan 195 a 2021, kuma a shekarar ce wata kotun tarayya a Legas ta ɗaure mutum goma da suka sace wani jirgin kamun kifi na Sin. Duk da haka cutar ba ta warke ba. A Maris na 2023 an hau jirgin dakon mai Monjasa Reformer, mallakar wani kamfanin Danmak, a can wajen gaɓar Kongo, aka tafi da ma'aikata shida, sai a watan Mayu aka sako su.

Maharan da doka ba ta tanada ba

Dokar 1982 ta gindaya sharuɗɗa kafin a kira hari fashin teku. Sai an kai shi daga wani jirgi zuwa wani, sai a wajen ruwan kowace ƙasa, wato bayan mil 12 daga gaɓa, kuma sai don amfanin kai aka yi, ba da sunan gwamnati ba. Manyan hare-haren da suka girgiza Danmak a 'yan shekarun nan kusan babu wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa.

Na farkon a Bahar Maliya yake. A Nuwambar 2023 'yan Huthi na Yaman suka sauka da helikwafta a kan jirgin Galaxy Leader, suka riƙe ma'aikatansa 25 har Janairun 2025. Daga nan suka shiga harba makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa a Bahar Maliya, suna cewa don Gaza suke yi. A ƙarshen Disambar 2023 suka far wa Maersk Hangzhou, sai da jiragen Amurka suka nutsar da kwale-kwalensu uku. Maersk ta karkatar da jiragenta suka koma zagaye ta ƙasan Afirka ta Kudu, tafiyar da ke ƙara kwana goma ko fiye. Kuɗin dako ya tashi, ribar kamfanin ta 2024 ta zarce yadda ya yi hasashe, mai sayen kaya ne ya ɗauki nauyin. Jirgin yaƙin da Danmak ta tura, Iver Huitfeldt, ya kakkaɓo jirage marasa matuƙa huɗu a Maris na 2024, amma na'urorin makamansa sun ba da matsala ana tsakiyar faɗa, kuma rashin sanar da ministan tsaro yadda ya kamata ya ci kujerar babban hafsan tsaron ƙasar a watan Afrilu. Waya mai kaifi da mai gadi ba sa tare makami mai linzami, ƙungiyar da ke riƙe da birane da tashoshi kuma ba kotun Seshel ce za ta gurfanar da ita ba.

Na biyun a ƙofar gida yake. Tun da aka ƙaƙaba wa man Rasha takunkumi, ɗaruruwan tsofaffin jiragen dakon mai suke yawo da tutocin ƙasashe masu nisa, ba a san takamaiman masu su ba, inshorarsu ma abin shakka ce. Babban kaso na man da Rasha ke fitarwa ta ruwa daga tashoshin Baltik yake tasowa, kuma dole ya ratsa mashigan Danmak. Yarjejeniyar 1857 ta hana ta tare su haka kawai. A gefe guda kuma, dukiyar ƙasar ta koma cikin ruwa. Ita ce ta fara kafa injinan lantarki na iska a teku, a Vindeby a 1991, yau kuma fiye da rabin wutar da take samarwa daga iska take fitowa. Wayoyin lantarki da na intanet da bututun gas duk a ƙasan teku suke kwance.

A Satumbar 2022 aka fasa bututun gas na Nord Stream kusa da tsibirin Bornholm na Danmak. Danmak ta rufe bincikenta a 2024, ta ce zagon ƙasa ne, amma babu madogarar shigar da ƙara a kotunanta. A Nuwambar 2024 wayoyin sadarwa biyu suka tsinke, aka zargi jirgin Sin Yi Peng 3 da jan anga a kansu. Jirgin ya tsaya wata guda a ruwan Kattegat, jiragen Danmak suna gadinsa, amma ba wanda ya iya hawa sai da yardar Sin, mai tutar, kuma da aka hau ɗin a matsayin 'yan kallo aka hau. A Disamba Finlan ta yi ta maza ta kama jirgin Eagle S bayan tsinkewar wayar lantarkin da ta haɗa ta da Estoniya, sai ga kotun farko a Helsinki a Oktobar 2025 ta ce ba ta da hurumin sauraren ƙarar. Da Faransa ta hau ɗaya daga cikin tsofaffin jiragen dakon man nan a 2025, Shugaba Putin na Rasha cewa ya yi Faransar ce ta yi fashi.

Na ukun ko jiƙa ƙafarsa ba ya yi. Ranar 27 ga Yuni, 2017, cutar kwamfuta mai suna NotPetya, wadda aka saka don a gurgunta Yukren, ta shiga na'urorin Maersk ta shanye su cikin ɗan lokaci. Tashoshi 17 daga cikin 76 suka tsaya cik, manyan motoci suka yi dogon layi a ƙofofi. Shugaban kamfanin na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya ce sai da suka sake ɗora kwamfutoci 45,000 da manyan na'urorin ajiya 4,000 cikin kwana goma, asarar kuwa ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito, kwafi ɗaya tak na kundin makullan kamfanin ya tsira, a ofishin Gana, saboda an ɗauke wuta kafin cutar ta iso. Wani ma'aikaci ya ɗauko faifan zuwa Najeriya, wani ya karɓa ya wuce da shi Landan. Amurka da Birtaniya sun ɗora laifin a kan sojojin Rasha, amma cikin waɗanda aka tuhuma ba wanda ya zo hannu. Ɓarayi zalla ma sun san hanyar: tsakanin 2011 da 2013 masu fataucin hodar ibilis sun yi hayar 'yan kutse suka shiga kwamfutocin tashar Antwerp don su san inda kwantenoninsu suke, su riga masu kayan ɗauka.

Yadda 2035 za ta iya kasancewa

Hasashe hasashe ne, amma akwai alamun da suka riga suka bayyana. Na farko, mai kwale-kwale da tsani bai tafi ko'ina ba, jira yake masu gadi su juya baya. Da jiragen yaƙi suka tattara a Bahar Maliya a ƙarshen 2023, nan take 'yan Somaliya suka dawo, suka kama jirgin Ruen a Disamba, suka kama Abdullah na Bangaladash a Maris na 2024. Danmak kuwa manyan jiragen yaƙinta biyar ne, ban da na sintiri a yankin ƙanƙara, ga kuma ƙarancin ma'aikata. Ga Baltik, ga yankinta na Girinlan da manyan ƙasashe suka zuba wa ido, ga hanyoyin arewa da narkewar ƙanƙara ke buɗewa, waɗanda jirgin Venta Maersk ya gwada bi tun 2018. Da wuya nan gaba a samu jirgin da za a keɓe wa Afirka na tsawon watanni.

Na biyu, makamin da a da sai gwamnati yanzu ya yi araha. Jirgi maras matuƙi da kwale-kwale mai sarrafa kansa sun nuna aikinsu a Bahar Maliya da Baƙin Teku. Ƙungiyar da ta mallaki 'yan kaɗan daga cikinsu a bakin wani mashigi ba ta buƙatar hawa jirgin kowa. Ya ishe ta ta nutsar da ɗaya, sannan ta aika wa sauran saƙon nawa ne kuɗin wucewa. Dabarar Sarki Erik ce za ta dawo, a hannun waɗanda ba su da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Na uku, ana yawan cewa jirage marasa ma'aikata za su kashe sana'ar garkuwa, tunda ba wanda za a sace. Akwai ƙamshin gaskiya. Norwe ta riga ta saka Yara Birkeland a ruwa, jirgi mai aiki da lantarki, mai ɗaukar kwantena 120, wanda aka ƙera da niyyar ya riƙa tuƙa kansa. Sai dai gajeriyar hanya yake bi a bakin gaɓa, kuma jirgin da zai yi mako uku a tsakiyar teku yana buƙatar mai gyaran inji. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ma'aikata su ragu, dogaro da tauraron ɗan'adam ya ƙaru. Tuni matuƙa a Baltik suke kukan ana dagula musu siginar GPS. Ranar da wani ya iya kulle injin jirgi mai kwantena dubu ashirin daga ɗakinsa, ko ya riƙe tashar Aarhus a kwamfuta, jirgin da kayan su ne abin garkuwar, fansar kuma da kuɗin intanet za a biya. A irin wannan hari babu jirgi na biyu, babu tabbacin daga wace ƙasa aka kai shi, kuma da wuya a rabe ɓarawo da ɗan aiken gwamnati.

Ina mafita?

Masu cewa a ƙara jiragen yaƙi suna da hujja. Ba don su ba da ba a kama kowa a Somaliya ba, kuma takarda ba ta kakkaɓo makami mai linzami. Danmak ta riga ta kama wannan hanya: a 2022 jama'arta suka kaɗa ƙuri'ar shiga harkokin tsaron Tarayyar Turai, kasafin soja ya ƙaru, NATO kuma ta fara sintirin tsaron wayoyin Baltik a Janairun 2025. Amma ƙasa mai mutum miliyan 6 ba za ta taɓa raka jirage 700 ba, balle na sauran kamfanoni. Biyan fansa kuma, azurfar Ingila ta riga ta nuna inda yake kaiwa.

Inda Danmak ta fi ƙarfi shi ne teburin shawara. Ƙungiyar masu jirage ta BIMCO, wadda ke tsara yawancin takardun kwangilar sufurin ruwa na duniya, a gefen Kopenhagen take. Ƙasar tana da murya a hukumar sufurin ruwa ta duniya, tana da ƙwarewar da ta samu a kwamitin Somaliya. Ayyukan da ke gabanta a fili suke. Ta ƙulla yarjejeniyar miƙa fursuna da ƙasashe irin su Najeriya da Gana da Togo tun kafin ta sake tura soja, ba a fafe gora ranar tafiya. Ta gyara dokarta ta gida yadda wanda aka kama zai fuskanci shari'a ta gaskiya, kamar yadda Indiya ta yi doka a 2022, ta kuwa kwashi mutum 35 da ta kama a kan Ruen ta kai su kotu a Mumbai. Ta haɗa kai da maƙwabta a samar wa ƙasar da aka tsinke wa waya hurumin tuhuma, ko da tutar jirgin ta wata ƙasa ce. A matsa wa ƙasashen da ke sayar da tuta ga duk mai kuɗi su san jiragen da suka yi wa rajista. A kuma taimaka wa ƙasashen gaɓa su kori ɓarayin kifi, domin daga nan ake samun matasan da ke hawa kwale-kwale.

Wannan aiki ba ya fitowa a talabijin, kuma yana cin shekaru. Akwai kuma haɗari a ciki: duk ƙofar da Danmak ta buɗe ta tare jirgin wani a mashiginta, wata ƙasa za ta bi ta nan ta tare jirgin Maersk a nata mashigin. Dole gyaran ya zama na ƙasashe da yawa, a rubuce, mai hawa kan kowa. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙasar da ta fi kusan kowa cin moriyar buɗaɗɗen teku ita ya kamata ta fi kowa ɗaukar wahalar gyara dokarsa. Idan ta yi sakaci, ba masu hannun jari a Kopenhagen ne za su fara biya ba. Matuƙi ɗan Filifin ko ɗan Indiya ne zai kwana a hannun masu garkuwa, mai sayen magani da shinkafa a ƙasashen da ba su da jirgi ko ɗaya kuma shi zai cike gibin a farashi.